Dalma a Lakar Tekun Jidda

Kawu Sani,

Assalamu alaikum. Ya jikin naka, ya Inna da yara? Mu nan unguwar Rusaifa lafiya lau.

Sabon aikina shi ne auna lakar ƙasan teku, inda ake zubar da wadda aka yaso daga tashar jiragen ruwan Jidda. Sau uku na auna, gubar dalma a cikin lakar ta wuce ƙa'ida, kuma masunta na kamun kifi kusa da wurin. Mudir, wato shugabanmu a wurin aiki, ya ce in ɗebo wata lakar daga nesa, in sa hannu a kan sakamakonta kamar ta wurin ce. Iƙamata kuwa, takardar izinin zamana a ƙasar nan, tana hannunsa.

Ran Lahadi yake jiran amsata. Umma ba ta sani ba, tana dai mamakin na hana sayen kifi. Ka sa ni a addu'a, Kawu. A gaida kowa.

Ɗanka,
Nura