Maƙogwaron da Ke Ciyar da Gida

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Likita ne ya ɗaure min baki. Ya leƙa maƙogwarona da 'yar fitila, ya ce ƙullutu ya fito a inda murya ke fita. "Wata uku ba waƙa, ba hira, ko raɗa ban yarda ba," in ji shi. "In kin ƙi ji, ba kya ƙi gani ba."

Na kai wa manajana takardar likitan a studiyo. Ya karanta a tsaye, ya ɗora ta kan sifika, ya ce, "Ranki ya daɗe, wasa shida gare mu a watan nan. Da me makaɗa za su koma gida?" 'Yan amshina biyu na zaune kan benci, kansu a sunkuye. Ɗaya tsohon ciki gare ta.

Shekara goma sha huɗu ina waƙa, ban taɓa tambayar kaina me zan ci ranar da muryar ta tafi ba. Ki ba ni shawara.

Ki huta lafiya,
Ƙanwarki

*

Autar Mama,

Na amsa gaisuwa. Wato sai da likita ya sa baki kafin duniya ta huta da surutunki! To, raha gefe, ki bi maganarsa.

Ina waƙoƙinki? Jiya ina kan keken ɗinki a shago, rediyon mai gyaran takalmi ya sa muryarki har sau uku. Ba a biyanki ne? Ki zauna ki ci wannan. Ki sayar da motar nan mai shan mai kamar raƙumi, ki sayi abin da zai riƙa kawowa ko kina kwance. Kuma ki koyi cewa a'a. Kin zama rijiyar unguwa, kowa da gugansa. Dubi ni da maigidan: ɗinki da ɗan albashinsa, 'ya'ya huɗu a makaranta, ba mu taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Allah ya ba ki lafiya,
Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma na gode. Waƙoƙin da kike ji ba nawa ba ne. Ina da shekara ashirin da biyu mai studiyo ya miƙa min makullin mota da biro, na sa hannu ban karanta ba. Duk abin da na rera, da wanda zan rera nan da shekara uku, nasa ne. Ni rabona abin da aka ba ni ranar wasa. Kin ga ranar da ban buɗe baki ba, tukunya ba ta hawa murhu. Motar kuwa, mawaƙiyar da ta zo a tasi farashinta ya faɗi kenan.

Kin ce in ce a'a. Wa zan fara faɗa wa? Mama da maganin hawan jininta? 'Yar amshina mai cikin? Na yi alkawarin ba zan faɗa ba, amma yau zan saɓa. Shekara huɗu kenan da aka rage wa maigidanki albashi a wurin aiki. Kowane zango yakan zo ofishin manajana, ya zauna ya cire hula, ya karɓi kuɗin makarantar yara. Ya roƙe ni kada ki sani. Ba gori nake miki ba, wallahi. So nake ki ga inda nake tsaye.

Ki yafe min,
Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Gaisuwa. Na karanta takardarki a shago, na ɗinke hannun rigar wata a baibai. Da maigidan ya dawo na miƙa masa takardar. Bai musa ba. Ya zauna bakin gado ya ce, "Kunyarki na ji." Kwana biyu ba mai iya kallon wani.

Ki tattaro kayanki ki taho, na share miki ɗakin baya. Kada ki sake biyan ko sisi. Jarrabawar ƙarshe ta babbar 'yarki ta wajena saura wata guda, ban san ta inda za mu ɓullo ba. Duk da haka ki taho.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ba zan samu zuwa ba. Manaja ya samo dabara: ran Asabar aka kunna faifaina, na riƙe makirufo a kashe, ina motsa baki. Jama'a suka yi ta tafi. Wata mata ta rungume ni ta ce ban taɓa rerawa da daɗi kamar ranar ba. Na yi mata murmushi.

An ƙara mana wasa takwas. Ki ce wa yarinyar ta yi karatu da kyau.

Sai wata rana,
Ƙanwarki