Wa Zai Gaya Mini In Fasa Daɓena Ko In Bari?

Zuwa ga mai girma shugaban ofishin masu auna duwatsu da ke Gusau.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da waɗanda ke aiki ƙarƙashinka. Ban san sunanka ba, ranka ya daɗe, don ban taɓa samun ganinka ba. Ni ce Hajo mai daɓe, daga wani ƙauye bayan Rawayya, ƙasar Bungudu, kusa da wurin da muke kira Ramin Bature. Ban yi boko ba. Malamin firamaren garinmu na roƙa ya rubuta, na ce masa kada ya gyara mini magana, kuma ya kai ma masu jarida, tunda ƙofarka ta ƙi buɗuwa.

Na farko, bari in gaya maka abin da ke ramin nan, ko da yake mutanenka sun gani. Ina amarya Turawa sunka haƙa shi, marigayi maigidana yana cikin masu ɗaukar kwano. Sama jar ƙasa ce, sai marmara, sai wani baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle. Cikin baƙin nan farin dutse ya ratsa kamar jijiya cikin nama, kuma jijiyar nan suke bi. Nan tozali yake, mai nauyi, in ka fasa shi ya rabu gida-gida kamar sukarin kwali. Shi ne sunka ce dalma ke fita daga cikinsa. Kusa da shi akwai wani mai kalar ƙaro, in an goga shi sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi, wai shi ne na tutiya. Akwai kuma mai ruwan zinari da ya sha ruɗin baƙi. Da sunka kwashe abin da sunka so, sunka tafi, sunka bar mana tulin tsakuwa da ko ƙaya ba ta tsiro a kansa. Babu wanda ya ce mana a taɓa, ko kada a taɓa.

Mu mata munka ga tsakuwa mai ƙyalli zube a banza. Munka gauraya ta da burji, munka yayyafa makuba, munka sa madaɓi. Daɓen ya fito da ƙarfi, gara ba ta huda shi, in an kunna fitila ɗaki ya riƙa walƙiya. Har Tsafe an zo da mota an ɗauke ni daɓen ɗakin amarya. Ɗakunan gidana duka da shi na daɓe su, har tsakar gida.

Na biyu. Shekarar da anka ba mu jiharmu, bayan girbin gero, mutanenka uku sunka zo da direba, kowa da ɗan gudumarsa. Maigari ya turo su wurina in nuna masu bakin tsohon rami. Na nuna, na kawo su gida su huta, na dama fura da nono mai kyau. Ba wanda ya taɓa ƙwaryar. Na ɗauka girman kai ne na 'yan birni, na bar shi a haka. Sai babbansu, wani mai tabarau, ya ƙura ma ƙasan ɗakina ido. Ya durƙusa, ya kankara da farce, ya kira 'yan uwansa, sunka yi ta Turanci. Ya roƙe ni in bari ya ɗan ɓantari kaɗan. Kaɗan ɗin nan faɗin faifai ne, a tsakiyar ɗakin da nake kwana. Ya sa a leda, ya ce za a auna, kafin ruwa ya sauka zan ji sakamako.

Da za su shiga mota na ga kowannensu ya cire takalmi ya kakkaɓe, ya wanke hannu da ruwan da sunka zo da shi. Direban ne, Allah ya yi masa albarka, ya dawo kamar ya manta abu, ya raɗa mini cewa ya ji suna faɗin bai kamata a bar yara su yi rarrafe a kan irin wanga daɓe ba. Direba, ranka ya daɗe. Masu ilimin uku sunka sani, sunka kare takalmansu, sunka bar direba ya yi mini raɗa.

Damina biyu ta wuce. Sakamako shiru.

Na uku, kuma shi ne ya sa na kasa haɗiye abin. Da rani na hau mota na zo Gusau, na kwana wurin ɗiyar ƙanena a Damba, na yi ta tambaya har na gano ofishinka. Anka ce oga ya tafi Kaduna. Na koma washegari, oga bai dawo ba. Ina zaune a benci sai idona ya faɗa kan wani akwatin gilashi da anka jera duwatsu ciki. Ga tozali, ga mai kalar ƙaro, ga mai ruwan zinari. A tsakiyarsu, an shimfiɗa masa jan ƙyalle, ga daɓena. Na gane shi, har da shatin madaɓina. An shafa masa mai yana sheƙi. Masinja ya ce shi ake fara nuna ma manyan baƙi, a ce masu ku dubi arzikin jiharmu, har ƙasan ɗakin talaka dalma ce. Wai baƙi suna dariya, suna ɗaukar hoto.

Na fita na tofar da yawu a bakin kwata. Ashe abin da kuke tsoron ya manne maku a takalmi shi kuke ma kwalliya da jan ƙyalle. Kun sami lokacin shafa masa mai, ba ku sami lokacin aiko mini da kalma ɗaya ba. A rediyo ma na ji ana kiran masu kuɗi su zo su sake buɗe ramin, ban ji an ambaci mai kwana a kansa ba.

Na huɗu. Maganar direba ta zaga gari. Wasu sun fasa daɓensu sun zubar bayan gida, inda kaji ke tono. Wasu sun ce sharrin 'yan boko ne. In yaro ya yi ciwon ciki ko ya shiɗe, sai a dubi gidana. Ni ban sani ba, su ma ba su sani ba, ku kaɗai kunka sani. Ba wannan ya fi damuna ba. Ina da jika, ɗan ɗana, sunansa Sani, yanzu ya iya zama, ya fara jan ciki, kuma duk abin da hannunsa ya kama baki yake kaiwa. Uwarsa ta wuni da shi a baya har zani ya yi mata kanta. In ta gaji in karɓa, ni da ƙugu ya riga ya mutu. In mun sauke shi, cikin babban daro muke ajiye shi kamar kayan wanki, yana kuka yana miƙo hannu ƙasa. Tabarma ba ta tsare shi, gefenta yake nema.

Ga abin da nake roƙo. Ka aiko wanda zai tsaya gaban maigari ya faɗa da Hausa: a fasa ko a bari. In a fasa ne, a gaya mana inda za mu zubar, ni zan fara ɗaukar galma, in bi gidajen da na daɓe har Tsafe. In a bari ne, mai tabarau ya zo ya zauna a ɗakina ya sha furar da ya ƙi. Kuma a fitar da daɓena daga gilashi. Ramin da mutanenka sunka bari a ɗakina yana nan ban cike ba, kullum sai na tsallake shi in zan yi salla.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka a hanyar Kaduna, ya ba ka jikoki masu rarrafe a ƙasar da ka san abin da ke cikinta. Nawa jikan jiya ya kifar da daron ya fito, a bakin ramin ɗakin nan na tsince shi. Rarrafe ba ya jiran oga ya dawo.

Wassalam.
Hajo mai daɓe, ƙasar Bungudu.