Gishirin da Autata Ta Ce Yana Kwarara

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni. Abin nan ba zan iya faɗa wa abokan sana'a ba, dariya za su yi mini.

Ni mai gyaran batirin mota ne, shekara talatin da ɗaya ke nan. Autata tana digiri na uku a fannin sinadarai. Wata biyu da suka wuce ta zo gida da mijinta, muna cin abinci na tambaye ta wai me take yi ne a ɗakin gwajin nan. Ta ce akwai wani gishiri da yake kwarara kamar man inji, ba a jiƙa shi ba, ba a dafa shi ba. A cikinsa take narkar da dattin rini, ta tsoma ƙarafa biyu, ta sakar musu lantarki, dattin ya riƙa wargajewa a jikin ɗaya ƙarfen. Wai har akwai tukunyar ƙarfe da suke matse iska da zafi a ciki, sai ta zama ita ba iska ba, ita ba ruwa ba.

Ni kuwa na kwashe da dariya. Na ce tun kafin a haife ta nake tsoma ƙarfe a ruwan batir, kada ta yi mini tatsuniya. Mijin ma ya dara. Ita dai ta sunkuyar da kai.

Tun ranar tana kira, ta gaishe ni, ta tambayi ciwon gwiwata, amma maganar aiki ko kalma. Ni kuma abin ya tsaya mini a rai. Har gishiri na zuba a gwangwani na ɗora a wuta, ya yi ta tartsatsi, uwarta ta kore ni daga kicin. Ina so in sani, ƙarafan nata suna cinyewa kamar farantan batir? Suna yin datti a jiki? Da me take kankarewa? Amma da wane bakin zan tambaya?

Uban Auta

Baba Uban Auta,

Gishirin nan akwai shi, iskar ma haka. Gishirin ba irin na miya ba ne, shi ya sa gwangwaninka bai nuna maka komai ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, don gwanar 'yarka ce.

Ban ga laifinka a shakka ba. Wanda ya shekara talatin yana aiki da hannunsa ba ya karɓar magana haka kawai, ita ma da ta daure ta ƙara bayani. Sai dai ka duba, kai ka tambaya, ta buɗe maka abin da ta ba shekarunta, ka mayar da shi abin dariya a gaban mijinta. Shirun nan ba raini ba ne, gudun maimaici ne.

Ka kira ta da kanka, kada ka aiki uwarta. Ka ce dariyar nan ba ta dace ba, a taƙaice, ba sai ka yi dogon jawabi ba. Daga nan ka jefa mata tambayar dattin ƙarafan. Tambayar masu sana'a ce, kuma ba mamaki abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya ke nan. In ta saki jiki, ka roƙi ta kai ka ɗakin gwajin ka gani da idonka. Ka je da kunne, ka bar gardama a shago.

Allah ya yi mata albarka, kai kuma ya ba ka lafiya ka ga ranar da za ta kammala.