Muryar Hajo Tana Yawo a Aljihun Mutane

Zuwa ga Shugaban masu shagunan turin waƙoƙi da gyaran waya na Jega, Aliero da Maiyama.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar da Allah ya ɗora maka. Sunana Umaru, manomin albasa ne ni a Karaye. Na rubuto a fili ba don in tozarta kowa ba, sai don abin da nake nema yana aljihun wani da ban sani ba, kuma ba ni da hanyar kai masa magana sai wannan.

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato albasa ta yi kyau, na sayi rikoda. A shekarar kuma aka haifa mana 'yarmu ta fari, Luba. Wata rana da hantsi mai ɗakina Hajo tana zaune a inuwa tana sheƙe irin albasa, jaririyar na kwance a gefenta, sai na danna ɗauka. Ta ɗago ta ga kaset na juyawa, ta ce, "Kashe abin ga, Malam, kunya nika ji." Na ce mata na kashe, alhali ban kashe ba. Na ajiye rikodar a gindin rumbu na yi waje.

Ka san mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Hajo kuwa ta fi kowa riƙon wannan kunya, "yarinyar nan" kawai take cewa. Amma da ta ga gidan ba kowa, sai ta shiga yi wa jaririyar waƙa ƙasa-ƙasa, ta kira sunanta har sau uku, tana dariya a tsakani. Kaset ya kama duka, har da kukan kurciya da shasshakar iri a faifai. Kafin a yaye Luba, Hajo ta rasu.

Shekara goma sha bakwai kaset ɗin yana ƙasan akwatina, naɗe cikin kallabinta. Ban taɓa sa wa Luba ba. Kullum ina cewa sai ta yi hankali, amma gaskiyar magana ni ne ba na iya saurare. Da ta sami gurbin karatu a jami'a a Aliero, sai na ce wannan ne guzurin da zan ba ta. Rikodata ta daɗe da mutuwa, sai aka nuna mini wani shago a kasuwar Jega inda ake juye kaset cikin memorin waya. Ba zan faɗi sunan mai shi ba. Yana cikin mutanenka, kuma ya san kansa. Ga kukana.

Na ɗaya. Da ya gama juyewa, zaren kaset ɗin ya tsinke a cikin na'urarsa. Na ce ya ba ni abina in ɗaure, ya yi dariya ya ce kaset ya zama tarihi, kwamfuta ba ta mantuwa, gara ba ta cin ta. Ina kallo ya jefa shi kwandon shara. Ni da ban taɓa ajiye iri a wuri ɗaya ba, kullum sai na raba shi tulu biyu, ranar na yarda da ajiya ɗaya don an yi mini Turanci. Wannan wautar tawa ce, amma shi ya sayar mini da ita.

Na biyu. Kasuwa ta zagayo na koma don ya ƙara mini karatun Alƙur'ani a memorin, kyautar ta cika. Na tsaya a layi ina kallonsa. Memorin direba, memorin mai nama, na mutumin Kuberi, duk rami ɗaya na kwamfutarsa yake zura su, kamar moɗa ɗaya a randar bakin kasuwa. Na isa gida na kunna waya, shiru. Washegari ya ce wai bairos ne, wata cuta da ke bin memori, ta cinye nawa ta cinye kwamfutarsa, har ya wanke ta tas. Ranka ya daɗe, mu da ba mu yi boko mai zurfi ba mun san idan albasa ɗaya ta ruɓe a rudun da muke ajiye ta, cire ta ake yi kafin ta shafi sauran. Wanda ke karɓar ajiyar mutane ɗari a yini, yaya za a ce bai san maganin cutar sana'arsa ba?

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na riga na haƙura, na ce Hajo ta sake rasuwa ne, sai addu'a. Bayan an cire albasar bana, ina kasuwar Aliero ana lodi, rana tsaka, sai na ji kukan kurciya inda babu bishiya. Sai shasshakar faifai. Sai muryarta. Daga tagar wata babbar mota take fitowa, motar ta riga ta cika ta fara tafiya. Na juya wajen motar. Na ji kamar kasuwar ta janye, inuwar gidanmu ta dawo, har ƙamshin man da take shafawa na ji. Ta kira sunan sau ɗaya, kafin na biyu motar ta hau titi. Ban ga lamba ba, ban ga fuskar direba ba.

Na koma wurin mutuminka, bai yi gardama ba. Ya ce duk abin da ya ji ya yi masa daɗi a memorin mutane yakan kwafe, ya tura wa masu son sabon abu, kuma kowa haka yake yi. Muryar matata ya sa wa suna waƙar reno ta gargajiya. Mutum nawa ya tura wa kafin cutar ta zo, ya ce bai ƙirga ba. Na tambaye shi hotunan matan mutane da takardun 'yan kasuwa fa, sai ya kama gyaran wata waya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta ji kunyar in ji ta ni mijinta, yau ga ta a tasha da shagon aski. Amma kuma idan na zauna a bakin fadama nakan tuna ni na fara ɗaukar muryar nan ba da izininta ba. Kuma satar mutuminka ita kaɗai ta rage mini abin sa rai. Hajo ba ta taɓa wuce Jega ba a rayuwarta. Yanzu nakan zauna in ga ta ƙetare kogin Kwara a kan buhunan albasa, tana yi wa 'ya'yan wasu waƙa a garuruwan da ba a jin Hausa. Wani lokaci abin ya ba ni dariya, wani lokaci in goge ido da hannun riga.

Na gaya wa Luba komai ranar da na kai ta makaranta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zarge ni ba. Sai ta ce, "Baba, ƙaƙa tak kira ni?" Na buɗe baki in gwada mata, muryata ba ta Hajo ba ce, na rufe.

Don haka ina roƙonka. Ka hana mutanenka kwafe abin da ba a ba su ba, domin memori amana ce kamar jakar da aka bar maka a rumfa. Ka tilasta kowane shago ya sa maganin cutar nan kafin ya taɓa kayan kowa. Su riƙa gaya wa irinmu gaskiya cewa kwamfuta tana mantuwa, mutum ya ajiye abinsa wuri biyu.

Babban roƙona kuwa, ka sa a liƙa takardar nan a kowane shago, a karanta wa direbobi da 'yan kabu-kabu. Wanda ya ji waƙar da ta fara da mace tana cewa a kashe abin nan, don Allah kada kunya ta sa ya goge. Ba zan yi masa faɗa ba, ba zan tambayi inda ya samo ba. Ya bar saƙo a shagon da ya ga takardar, ni zan zo har inda yake. Uwar yarinyar nan ta kira ta sau uku, duk garin nan sun ji, ita kaɗai ce ba ta ji ba balle ta amsa.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare amanarka, ya bar maka muryoyin waɗanda kake so.

Wassalam.

Umaru, manomin albasa, Karaye.