Kada a Yaɓe Bangon Zaure

Aldwych, Landan
Talata, 23 ga Satumba, 1975

Zuwa ga Yaya Rahinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara. Allah ya karɓi azuminmu, ya jiƙan Baba. Yanzu ƙarfe ɗaya da kwata na rana, Turawan ofishinmu sun fita cin abinci, ni kaɗai na rage. Wasiƙarki ta ranar tara ga wata jiya ta iso, na karanta ta sau huɗu. Ni lafiya lau, sai dai buɗa-baki da shayi da burodi a ɗakina na Lewisham. Da magariba ta kawo jiki, ƙamshin kunun tsamiyar Inna nake ji a hancina.

Kin ce ranar Alhamis, 21 ga Agusta, bayan la'asar, ruwa ya shiga gidanmu da gidaje shida na maƙwabta, kuma unguwa ta kai ɗan kwangilar sabon titi ƙara, shi kuwa yana cewa ruwan ne ya fi na kowace shekara. Kin ce ruwan ya bar layi a bangon zaure, kuma Kawu Haliru ya sa ranar Lahadi, 28 ga wannan wata, a yi gayyar yaɓe, don Inna ba ta son baƙin Salla su tarar da dauɗa. Yaya, don Allah a dakata. Wannan layin shi ne shaidarmu.

Aikin da aka ɗauke ni ke nan wata huɗu da suka wuce. Idan ruwa ya yi ɓarna aka shiga kotu, mu ake turawa mu auna inda ya tsaya, mu gano ta ina ya bi, mu gaya wa alƙali. A watan jiya na bi maigidana na ofis wani layin shaguna. Akwai wata tsohuwa mai sayar da yadi, mai tsabta irin Inna. Kafin mu je ta wanke bango ta shafa farin fenti. Ta rantse ruwan ya kai ƙugunta, kuma na yarda da ita. Amma maigidan ya ce kotu ba ta auna rantsuwa, sai ya rufe littafinsa. Da na waiwaya na hango ta tsaye a ƙofa, hannayenta a haɗe. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na san Inna za ta ce ruwa na Allah ne, ba a kai shi ƙara. Ki lallaɓa ta ki ce haka ne, amma kwalbatin da aka sa a ƙarƙashin titi, hannun mutum ne ya sa shi. In an tabbatar ya yi ƙanƙanta, kotu na iya sa a faɗaɗa shi. In ba a tabbatar ba, ruwan baɗi nan zai dawo, kuma ginin ƙasa ba ya jure jiƙa biyu irin wannan. Ba na son Inna ta bar gidan da Baba ya gina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa da kika yi ruwan ya tsaya daidai zane na biyu na tsayin ƙaninmu Almu. Kin tuna yadda Baba ke jera mu a zauren nan kowace ƙaramar Salla, ya ɗauko ma'auninsa na reluwe, ya zana tsayin kowa da ƙusa, Inna tana faɗa daga ciki wai ba a auna mai rai? Ni ne mai ɗage dunduniya, ke ce mai kai ƙarata. Baba bai taɓa kuskuren inci ba. Waɗannan zanen sun shekara ashirin a wurin, ba wanda zai ce don shari'a aka yi su. Yaɓe ɗaya zai rufe su tare da layin ruwan.

In Kawu ya ƙi, aƙalla a kira mai hoto kafin a kwaɓa ƙasa, a ɗora tef ɗin ɗinkinki daga daɓe zuwa layin, lambobin su fito. Ki kuma je wurin Malam Katung na makarantar firamare, wanda ke rubuta awon ruwan sama kowace safiya, ki roƙe shi ya kwafe mini na Agustan shekara goma. Da ni zan zo da kaina, amma fasfona yana Croydon ana duba takardun zamana. Wannan takarda abokina Lawal zai sauka da ita Kano ranar Juma'a, ya ba gadin jirgin ƙasa mai zuwa Kafanchan.

Ki gaishe mini da Inna, da Kawu Haliru, da Almu, da Sakinatu da jaririnta, da Mama Juliana maƙwabciyarmu. Kin ce rumbunta ya faɗi, Allah ya mayar mata da alheri.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

Faɗin kwalbatin.
Minti nawa ruwan ya yi kafin ya kai zaure.
Ko zanen Almu na biyu ƙafa uku ne da inci ɗaya, ko da inci biyu. Na manta, kuma abin yana damuna.
Ranar da za a ba ni fasfona.
Ko wannan takarda za ta riga magina isa.

In ta tarar an riga an yaɓe, kada ki ɓoye mini. Ki dai gaya mini ko an bar nawa zanen, na can sama kusa da ƙofa, na ƙarshe da Baba ya yi.

Ƙaninki mai kewarku,
Zailani