Rantsuwar Baba a Kan Gadar Suramadu

Surabaya, Litinin

Yaya Hosnan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Sitti da yara. Wayarka ba ta shiga a gonar nan ta kwakwar manja, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Inna na asibiti a nan, zuciyarta ce. Likita ya ce a kira dangi. Baba kuwa yana gida Kamal, a tsallaken teku, ya kasa zuwa, ka kuma san dalili. Ranar da aka buɗe gadar Suramadu da ta haɗa tsibirinmu da Surabaya, aka fara sallamar ma'aikatan jirgin fito, shi da ya yi shekara ashirin da shida yana ɗaure igiyar jirgi, ya tsaya gaban mutane ya ce in ya hau gadar nan Inna ta saku. Dariya muka yi lokacin. Ashe saki biyu ne a tsakaninsu tun ƙuruciya, jiya Inna ta gaya mini. Malam ya ce wannan na uku ne.

Jirgin da ya rage yana wurin gyara, masunta kuma sun ƙi fita saboda iska. In ya hau gada, ya iso ba mijinta ba. In ya zauna, ba zai gan ta ba. Na yi kuka har na gaji, wallahi haushinsa nake ji. Ka zo.

Ƙanwarka,
Maisaroh

Kamal, Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan ta farkon ta same ka lafiya.

Baba ya aiko cewa zai hau gadar, a yafe masa. Inna ta ce, "Ku ce wa mai taurin kan nan ya zauna inda yake. Shi ya rantse, ni ban rantse ba." Ta sa na cire mata robar numfashi da ke hancinta. Likita ya yi faɗa, ta dangwala hannu a takardar sallama, muka fito muka nufi gida.

Gadar da take hayewa a mota da kwandon kifi cikin minti goma, yau na ga tsawonta. Kanta na bisa cinyata, ina ƙirga fitilu ina sauraron numfashinta. Tana ta tambaya ko mun kai tsakiya.

Baba na tsaye a gindin gada ta ɓangaren gida tun asuba, ko taku ɗaya bai ƙara ba. Ya shigo mota ya kama hannunta. Ta dube shi ta ce, "Hularka a karkace take."

Ta ƙi komawa asibiti, ba ta cin komai. Ka sayar da babur ɗinka ka hau jirgin sama, Yaya. Kada ka jira amsar kowa.

Ƙanwarka,
Maisaroh