Fassarar da Na Yi wa Matata a Gaban Likita

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma wanda zai yanke mini hukunci ya daure ya kai ƙarshen wasiƙar tukuna.

Ni mutumin Gwandu ne, shekarata hamsin, na yi jami'a, ina koyarwa a makarantar sakandare. Makonni uku da suka wuce wani abokin aikina ya saka mini fim ɗin Turawa a kwamfuta, ya ce in kalla mu yi muhawara a ɗakin malamai. Labarin matan wata ƙasa ne a zamanin da dokarsu ta hana zubar da ciki, yadda suke bi ta ƙofar baya, wasu su dawo da ƙafafunsu, wasu a dawo da gawarsu. Ban zo nan don in ce ga mai gaskiya a wannan muhawara ba. Abin da ya tsayar da ni wata mata ce a fim ɗin, tana zaune a benci, tana bin bakin maza biyu da kallo suna magana a kanta. Ban yi kuka ba. Na rufe kwamfutar, na tafi sallar magariba, na dawo na ci tuwo. Amma tun ranar nake shiga aji in fito ban san abin da na koyar ba.

Marigayiya matata 'yar Dodoru ce, ta yi karatun allo mai zurfi, amma ba ta jin Turanci. Haihuwarta ta fari ɗan bai zo da rai ba, kuma bayan wankan jego jikinta ya kumbura. Da ta sake samun ciki bayan shekara biyu, na kai ta wani asibiti a birni. Likitan ba Bahaushe ba ne, saboda haka ni ne tafinta. Ya duba ta, ya kira wani likitan ya sake dubawa, sannan ya zaunar da mu ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce zuciyarta ta raunana tun waccan haihuwar, da wuya ta iya ɗaukar wannan cikin zuwa ƙarshe. Ya ce cikin bai cika wata uku ba, kuma doka ta yarda a cire shi idan ran uwa na cikin haɗari. Ya miƙo takarda mai gurbi biyu, ɗaya na sa hannuna, ɗaya na dangwalenta.

Ta taɓa hannun rigata ta ce, "Malam, mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce ki rage gishiri, ki daina ɗaukar kaya masu nauyi."

Ta yi dariya ta ce, "Duk wannan doguwar magana gishiri kawai? Kai, Turanci akwai ɓarnar baki."

Likitan ya ga tana dariya, ya tambaye ni ko ta fahimta. Na ce ta fahimta, tana son ta yi shawara da iyayenta. Na ninke takardar na sa a aljihu, ban ƙara mayar da ita asibitin nan ba.

Me ya sa na yi haka? Shekara ashirin da biyu ina ba kaina amsa ina gogewa. Na ce tawakkali ne, amma mai tawakkali yana ɓoye wa mara lafiya ciwonsa? Na ce tsoron Allah ne, to me ya hana ni zuwa wurin malamai, alhali a garinmu ba sai ka yi nisa ba? Ban je ba saboda ina zargin amsar da za su ba ni, kuma ba ita nake so ba. Gaskiyar ita ce ina son ɗa, kuma ina jin kunyar a ce wane da ya yi boko ya sa hannu an zubar da cikin matarsa. Ta yiwu da na gaya mata, da kanta za ta ce a bar cikin, ta dogara ga Allah. Na san halinta, za ta iya. Amma ban ba ta damar faɗa ba. Ranta ne, ni na yanke.

A wata na bakwai ba ta iya kwanciya sai a jingine da bango. Wata rana da hantsi na same ta a tsakar gida tana haki, ga kwanon miya a gabanta. Ta ce, "Malam, na rage gishirin fa, wallahi ko ɗanɗano ba ni ji. Ko dai ban rage da kyau ba?" Na ce ta ƙara haƙuri. Ta haifi ɗiya mace lafiyayya, aka yi suna, bayan kwana biyar matata ta rasu. Na gaya wa kowa zazzaɓin jego ne. Mahaifiyarta har yau tana sa mini albarka, wai ba ta taɓa ganin mijin da ya yi jinyar matarsa kamar ni ba.

Ɗiyar nan yanzu tana aure a Kalgo, ta gama kwalejin ilimi, tana da cikin fari wata shida. Ranar Juma'ar da ta wuce na je duba ta. Na tarar ta cire zobbanta sun matse ta, tana jan silifas ɗin mijinta don nata ba sa shiga. Daga ɗakin girki zuwa falo sai da ta tsaya ta huta. Ni ba likita ba ne, ta yiwu nauyin ciki ne kawai. Amma na taɓa ganin wannan tafiyar.

Tana zuba mini ruwa ta ce, "Baba, a wurin awo sun tambaye ni abin da ya yi ajalin Innata, wai ko akwai ciwon da za su lura da shi. Na ce zazzaɓin jego. Daidai ne ko?"

Na ce, "Daidai ne."

Haka bakina ya faɗa, a sanyaye, kamar yadda ya faɗi maganar gishiri. Ban ji komai ba. Wannan rashin jin shi ya fi tsorata ni.

Takardar tana nan cikin jakar da nake ajiye takardun shaidar karatuna. Akwai sunan ciwon a rubuce da abin da likitocin suka gani, wato abin da masu duba ɗiyata suke nema. A ƙasansa kuma akwai kwanan wata, da shawarar da suka bayar, da gurbi biyu babu sa hannu babu dangwale. Na yi tunanin in gaya mata da baki cewa uwarta ta yi ciwon zuciya, in tsaya a nan. Amma yarinya ce mai bin diddigi, za ta tambaye ni yaushe na sani, kuma me ya sa na ce zazzaɓi. Ta yaya zan dubi ɗiyata in ce an ba ni zaɓi tsakaninta da uwarta, na zaɓa ni kaɗai ta hanyar ƙarya? Ta yaya zan ce na yi nadama, ba tare da ta ji kamar zuwanta duniya nake nadama ba? Idan ta ji, za ta ƙara kirana Baba?

Ranar Alhamis za ta koma awo. Mijinta ya yi tafiya, ta ce in zo in kai ta. Ita tana jin Turanci, ba ta bukatar tafinta. Idan na miƙa mata takardar, da idonta za ta karanta har ƙasa.

Jama'a, don Allah, me zan yi?